Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Hukumomin Kare Masu Saye: A Tilasta Wa Kamfanonin "Kawo Mutum" Su Nuna Mana Na Tsakiyar Layi

Ranku ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Dalilin wannan wasiƙa wata takarda ce mai shafi ɗaya tal, wadda da an miƙa wa ƙanwata ita kafin ta zaro kuɗinta, da yau ba ni da abin rubuta muku. Ina magana ne a kan kasuwancin nan da wasu ke kira netwok, wasu su ce kasuwancin sarƙa, akasarin mutane kuma su ce "kawo mutum": ka biya kuɗin rajista, ka sayi kaya, ka sayar, sannan ka jawo wasu su shiga ƙarƙashinka kana cin kamasho daga abin da suka saya, su ma su je su jawo nasu. Ƙasar Sin ta taɓa haramta irin wannan talla ɗungurungum a 1998, da ta sassauta a 2005 ma ba ta yarda a riƙa biyan mutum lada a kan cinikin waɗanda ya jawo ba. Abin da nake roƙo bai kai nan ba. Roƙona ku sa doka ta tilasta wa kowane kamfani irin wannan ya faɗi gaskiyar abin da mutanensa ke samu, a rubuce, kafin ya karɓi ko kwabo daga hannun sabon shiga.

Bari in fara da abin da idona ya gani. Ƙanwata ce ta matsa mini sai na raka ta taro a wani zauren otal. Wurin ya cika maƙil, kiɗa na tashi har ƙirjin mutum na amsawa. Wani matashi cikin kwat ya hau dandamali yana kaɗa makullin mota a yatsa, ya ce shekara biyu da suka wuce ko kuɗin mota ba shi da shi, yau ga shi da motar kanta. Aka yi tafi. Aka fito da wani cek na kwali mai tsawon ƙofa aka ɗora wa wata baiwar Allah a hannu, tana hawaye ana ɗaukar ta hoto. Daga nan aka shiga zane a allo: kai ne wannan da'irar ta sama, ga ƙafarka ta dama, ga ta hagu, kowace ƙafa ta haifi biyu, biyun su haifi huɗu. Can dab da tashi aka haska wani jadawali mai ƙananan rubutu kamar sawun tururuwa. Na ƙirga a zuciyata, bai cika daƙiƙa biyar ba aka ɗauke shi.

Da aka watse na tambayi matar da ta gayyato ƙanwata, wadda za ta zama ta samanta, na ce mutum nawa ne suka shiga bara, nawa ne a cikinsu suka mayar da kuɗinsu? Ta yi murmushi ta ce, "Yaya, irin wannan tambayar ce ke hana mutane arziki. Mai son nasara ba ya bin diddigin waɗanda suka faɗi." Sannan ta juya ga ƙanwata ta ce, "'Yar'uwa, rangwamen rajista ƙarfe goma sha biyun daren yau zai rufe." A daren ƙanwata ta biya.

Wata goma sha huɗu bayan nan na same ta a ɗakinta, kwalaye a ƙarƙashin gado, kwalaye a bayan ƙofa, wasu wa'adinsu saura makonni ya ƙare. Ba don tana da masu saye ta tara su ba. Dokar kamfanin ce: in ba ka sayi kaya na wani adadin maki kowane wata ba, matsayinka ya faɗi, kamashon waɗanda ke ƙasanka ya tsallake ka ya haye sama. Muka ɗauko littafin rubutu, shafin hagu abin da ya shigo, shafin dama abin da ya fita. Hagu bai wuce layi shida ba. Dama kuwa sai da ya ci shafi uku: rajista, sayen wata-wata, tikitin taron horaswa, kuɗin mota zuwa taron, data, kayan da ta raba kyauta don a gwada, kuɗin sabunta rajista da shekara ta zagayo. Duk ɗaya da ta karɓa, ta kashe kusan huɗu. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, a takardar da kamfanin ke wallafawa duk shekara, ƙanwata tana cikin sahun "waɗanda suka samu kuɗi", tun da dai an taɓa tura mata kamasho.

Ba ƙarya suka yi ba, kuma nan ne matsalar take. Kamfani na iya jera lambobi na gaskiya tun daga sama har ƙasa, mai karatu ya tashi da fahimtar da ba ta da alaƙa da gaskiya, muddin shi kamfanin ne zai zaɓi wa za a ƙirga, wa za a bari, me za a kira samu. Wannan zaɓin ne nake so ku ƙwace daga hannunsu.

Ba sai kun ƙirƙiro komai daga tushe ba, don an riga an yi gwajin a Amurka, kuma labarin yana da daɗi yana da ɗaci. Hukumar kula da kasuwanci ta tarayyar ƙasar, wadda aka fi sani da FTC, tana da doka a kan masu tallata wa jama'a hanyar samun kuɗi, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Maris, 2012. Dokar ta ce mai tallar ya miƙa wa wanda yake zawarci takarda mai shafi ɗaya, aƙalla kwana bakwai kafin ya sa hannu ko ya biya. A takardar zai faɗi ko shi wane ne, ko an taɓa maka shi a kotu kan zamba ko yaudara cikin shekara goma da suka wuce, ko yana mayar da kuɗi in mutum ya fasa, da kuma sunayen waɗanda suka saya kafin wannan domin a tuntuɓe su. In kuwa ya kuskura ya ambaci abin da za a iya samu, dole ya haɗa da wata takardar da ke nuna mutum nawa ne, kuma kashi nawa cikin ɗari, suka taɓa samun hakan. Har ila yau, da harshen da aka yi tallar za a rubuta takardar.

Doka ce mai kyau. Sai dai kamfanonin kawo mutum, waɗanda suka fi kowa yawan mabiya, sun zame daga cikinta. Daftarin farko da aka fitar a 2006 ya haɗa da su. Da aka buɗe ƙofar jin ra'ayin jama'a, sai takardu fiye da 17,000 suka kwararo, mafi rinjayensu daga kamfanonin da wakilansu, kusan duk bakinsu ɗaya: kwana bakwai zai kashe kasuwar, bayar da sunaye tona asirin mutane ne, ɗawainiyar ta yi wa ƙananan 'yan kasuwa yawa. A 2008 hukumar ta sake daftarin ta cire su, ta ce za ta riƙa bin masu laifi ɗaya bayan ɗaya da tsohuwar dokar hana yaudara.

Ina so ku tsaya a kan wannan hujjar ta kwana bakwai, don ni a wurina ita ce shaida mafi ƙarfi da aka taɓa bayarwa a kan wannan kasuwa, kuma daga bakin masu ita ta fito. Wane irin ciniki ne mako guda na tunani zai rusa shi? Wanda zai sayi ikon buɗe reshen wani babban kamfani a ƙasar, doka ta ba shi kwana goma sha huɗu da kundin bayani a hannu, kuma wannan harkar ba ta mutu ba. Abin da mako guda ke kashewa shi ne zafin zauren otal, da kiɗan, da tafin, da "ƙarfe goma sha biyu zai rufe". Cikin kwana bakwai mutum zai kwana ya tashi, ya tambayi wanda ya taɓa shiga, ya ɗauki biro ya yi lissafi. Wanda ya dawo bayan haka ya ce yana so, to ya shiga da idonsa biyu, kuma irinsa ne ma zai daɗe.

To me bin ɗaya bayan ɗayan ya haifar? Ya haifar da manyan shari'o'i, ban musa ba. A 2016 kamfanin Herbalife ya amince ya biya dala miliyan 200 ya kuma sake tsarin biyan ladansa, ta yadda akasarin ladan zai dogara ga kayan da aka tabbatar an sayar wa masu amfani na gaskiya. Kusan mutum 350,000 aka aika wa cek daga kuɗin. Ku raba da kanku ku ga abin da ya isa hannun kowa. A 2019 kamfanin AdvoCare ya amince da biyan dala miliyan 150, aka kuma hana shi wannan salon kasuwanci. A ƙarar da hukumar ta shigar, ta ce a 2016 fiye da kashi 72 cikin ɗari na wakilan kamfanin ba su samu ko sisi daga gare shi ba, wasu kashi 18 kuma abin da suka samu a shekarar bai wuce dala 250 ba. Lambobin nan suna cikin kwamfutar kamfanin tun ranar farko. Sai da aka yi shekaru ana bincike, mutane suka gama asara, sannan suka fito fili. Ihu bayan hari ke nan. Kuma ba kullum ake nasara ba: ƙarar da hukumar ta kai kamfanin Neora a 2019 ta ƙare a 2023 da hukuncin da ya bai wa kamfanin gaskiya. Tsakanin nan kuma, a 2021, Kotun Ƙolin ƙasar ta yanke cewa sashen dokar da hukumar ta daɗe tana amfani da shi wajen ƙwato wa mutane kuɗinsu bai ba ta wannan ikon ba. Wannan fa hukuma ce mai lauyoyi da masana tattalin arziki jingim. Hukumar da ba ta da rabin ƙarfinta, yaya za ta ƙare in ta ce shari'a kaɗai za ta dogara da ita?

Kamfanonin za su ce muku ai sun riga sun fara bayyanawa da kansu, ba sai an tilasta musu ba. An duba wannan ma. A watan Satumban 2024 ma'aikatan FTC suka fitar da rahoto bayan sun bi takardun bayanin samu na kamfanoni 70 ɗaya bayan ɗaya. Suka tarar akasarinsu sun cire waɗanda ba su samu komai ba ko suka samu kaɗan daga lissafin, ba sa cire kuɗin da mutum ya kashe, suna kuma fito da manyan lambobin 'yan tsirarun da ke sama su danne na sauran a ƙananan rubutu. Duk da wannan kwalliyar, takardun sun nuna mutane da yawa abin da suke karɓa a shekara dala 1,000 ne ko ƙasa da haka, wato bai kai dala 84 a wata ba, tun kafin a cire ɗawainiya. A kamfanoni aƙalla 17 kuwa, mafi yawan masu rajista ba a biya su komai ba. Watanni kaɗan bayan rahoton, a Janairun 2025, hukumar ta fito da daftarin wata doka ta musamman a kan iƙirarin samun kuɗi a wannan harka, kusan shekara goma sha tara bayan yunƙurin farko.

Yanzu ga abin da nake so takardar ta ƙunsa, kuma zan daɗe a kan na farko don shi ne ƙashin bayan maganar. A nuna na tsakiyar layi. Kamfanoni sun fi son su tara abin da kowa ya samu su raba da yawan mutane, su kira shi matsakaicin samu. Ku ɗauki mutum goma a ɗaki, ɗaya ya samu casa'in da ɗaya, sauran tara kowa ya samu ɗaya. In aka tara aka raba, kowa ya samu goma, alhali babu ko mutum guda a ɗakin da ya ga goma da idonsa. Amma in aka jera su daga mai kaɗan zuwa mai yawa aka dafa kafaɗar wanda ke tsakiya aka ce nawa ka samu, zai ce ɗaya. Wannan amsar ita ce ta shafi sabon shiga, don shi ma can zai tsaya. Kanada ta fahimci haka: dokar gasar kasuwancinta ta ce duk wanda ya ambaci abin da ake samu a irin wannan tsari, dole ya haɗa da bayani na gaskiya, a kan lokaci, game da abin da gama-garin mai shiga ke samu.

Kuma layin ya haɗa da kowa. Kalmar da suke fakewa da ita ita ce "masu aiki tuƙuru" ko "masu motsi", su kuma suke fassara ta yadda suka ga dama: wanda ya shekara cur, ko wanda aka taɓa biya, ko wanda ya kai wani matsayi. Wanda ya biya rajista ya sha wahala wata biyar ya haƙura, ya ɓace daga lissafi kamar ba a taɓa yinsa ba, alhali kuɗinsa na cikin cek ɗin kwalin nan da aka ɗaga a dandamali. Doka ta ce duk wanda ya biya domin ya samu damar cin lada, a ƙirga shi. In kamfani ya ce wasu sun yi rajista ne kawai don su sayi kaya da rangwame, madalla, ya buɗe musu rajista dabam tun farko, ya daina haɗa su da masu neman abinci sannan ya fake da su ranar lissafi. A kuma faɗi mutum nawa suka shiga a shekarar, nawa suka fita.

Sai ɗawainiya. Za su ce ba su san abin da kowa ke kashewa ba, kuma da gaskiyarsu a kan kuɗin mota da data. Amma kuɗin rajista fa? Sayen wata-wata fa? Tikitin taro, kuɗin sabuntawa, kuɗin shafin intanet da suke haya wa wakilansu? Duk aljihunsu suke shiga, kuma suna da rasit ɗin kowanne. A cire su daga abin da aka biya mutum, a nuna ragowar, ko da ragowar ta koma ƙasa da sifili. Mutum nawa cikin ɗari ne abin da kamfani ya ba su ya fi abin da suka ba kamfani? Layi guda ne wannan, kuma na tabbata shi ne layin da za a fi yaƙar ku a kansa.

Akwai wata lamba da ke raba kasuwanci da dala. A Hausa kalma ɗaya ce ke nufin kuɗin Amurka da kuma tulin nan mai faɗin gindi da tsinin kai, kuma ban san harkar da ma'anonin biyu suka haɗu suka rungumi juna kamar wannan ba. Lambar ita ce: kashi nawa na kayan kamfani ne ke ƙarewa a hannun mutanen da ba su da rajista? Tun 1979, lokacin da FTC ta yanke cewa Amway ba dala ba ne, hujjar ita ce kamfanin na da ƙa'idojin da ke tura kaya waje: wakili ya sayar da kashi 70 cikin ɗari na abin da ya saya kafin a ba shi lada, ya sayar wa mutum goma dabam-dabam a wata, kamfani kuma ya karɓi kayan da suka yi kwantai. Kamfanoni da yawa sun kwafe waɗannan ƙa'idoji suka zuba a kundinsu. Ƙanwata ma kowane wata tana danna wani akwati a waya cewa ta sayar da kashi saba'in, kwalayen na ƙarƙashin gadonta, ba wanda ya taɓa tambayar ta rasit. In kuɗin da ke yawo a tsarin daga aljihun masu rajista yake fitowa, lissafi ya riga ya yanke hukunci. A ce kowa ya kawo biyar: hawa na goma sha huɗu kaɗai na buƙatar mutum fiye da biliyan shida, na goma sha biyar ya ninka mutanen duniya sau uku da ɗoriya. Kuma ko a wane hawa aka tsaya, kusan huɗu cikin kowane biyar suna can ƙasa ba kowa a ƙarƙashinsu. Ba lalaci ne ya ajiye su a nan ba, siffar ginin ce.

Ingila ta bi ta wata hanyar da ita ma abin dubawa ce. Ƙa'idojinta na 1997 sun bai wa sabon shiga kwana goma sha huɗu ya fasa a mayar masa da kuɗinsa, sun hana a karɓi fiye da fam 200 daga hannunsa a kwana bakwai na farko, sun kuma wajabta gargaɗi a rubuce cewa kada a ruɗu da batun samun kuɗi mai yawa cikin sauƙi. Iyakar kuɗin ta burge ni, don tana rage girman ramin da mutum zai iya faɗawa a daren farko. Gargaɗin kuwa, a ganina, shi kaɗai ba ya kai ko'ina. Kowa na karanta "ba kowa ke samun haka ba" ya ce a ransa, ai ni ba kowa ba ne. Lamba ce ke shiga kai.

Na san abin da wasunku za su ce, don na ji shi daga bakin mutanen kirki: babba ne, da hankalinsa, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Haka ne, in an ce masa rariya ce. Nan kuwa cinikin biri a sama ake yi, kuma mai birin ne kaɗai ya san ko akwai biri a bishiyar. Kamfani ya san abin da kowane wakili ya saya da abin da aka biya shi, har kwabon ƙarshe, don da wannan lissafin yake raba kamasho duk wata. Mai shiga bai san komai ba sai abin da aka haska masa. Batun ɗawainiya kuma bai taso ba in aka ɗora nauyin inda ya dace: kamfani ne zai haɗa takardar, wani mai binciken kuɗi mai zaman kansa ya tantance ta, a ajiye kwafi a wurinku inda kowa zai iya dubawa. Aikin wakili kawai ya miƙa. Batun sirrin sunaye ma yana da magani, a nemi izinin mutum kafin a sa shi, ko a bar sunayen a riƙe lambobin.

Kada kuma ƙarancin ƙorafi a teburinku ya sa ku ɗauka lafiya ce ta kawo shiru. Wanda ɗan damfara ya cuta yakan je ya kai ƙara, don baƙo ne ya cuce shi. A nan kuwa wa za ka kai? Ƙawarka ce ta kawo ka, ko ɗan'uwanka, kai ma kuma ka kawo wasu. Ƙanwata ta jawo mutum uku. Ɗaya daga cikinsu, wadda suka taso tare tun suna yara, yanzu in sun haɗu gaisuwa ce ta fatar baki kowa ya kama gabansa. Ga shi an riga an cusa musu tun ranar farko cewa wanda bai samu ba shi ne bai yi ƙoƙari ba. Don haka mutum ya fita da asara, da kunya, da zargin kansa, ya ja bakinsa ya tsuke. Da na ce mu rubuta muku ƙorafi, cewa ta yi, "Yaya, a bar kaza cikin gashinta, ni ma ai na sa wasu."

Abu na ƙarshe da zan ja hankalinku a kai shi ne inda tallar take a yau. Zauren otal ya zama ɗan ƙaramin ɓangare. Ainihin farautar tana WhatsApp da Facebook da TikTok, inda ba a ambatar lamba ko ɗaya: hoton mota, hoton bakin teku, hoton saƙon banki an rufe rabin adadin da yatsa, a ƙasa a rubuta "tambaye ni yadda na yi". Wannan ma iƙirarin samu ne, ko da ba a furta ba, kuma doka ta ɗauke shi a haka. Duk inda aka nuna irin wannan, a liƙa lambar na tsakiyar layi a jikinsa, da girman rubutu ɗaya, ba a wata mahaɗa da sai an latsa sau uku ba. Kamfani ya ɗauki alhakin abin da wakilansa ke yaɗawa, tun da yana cin ribar abin da yaɗawar ta jawo. Ba daidai ba ne ya kira su iyalinsa ranar taro, ranar tuhuma ya ce 'yan kasuwa ne masu zaman kansu. Kuma a riƙe ƙa'idar harshe da ƙarfi. Wanda aka zuga da harshen uwarsa, a ba shi takardar da harshen uwarsa, wanda ba ya karatu a karanta masa ko a tura masa da murya. Kamfanonin nan suna tsallaka iyakoki da kaya ɗaya da tsari ɗaya, amma sau da yawa lambobin da suke nunawa na wata ƙasa ce dabam. Kowace ƙasa a nuna mata lambobin mutanenta.

In kun tashi rubuta daftarin, ku sa ran abin da ya faru a 2006 zai maimaita kansa. Takardu za su zo dubbai, masu kama da juna kamar an buga su a inji ɗaya, daga mutanen da na samansu ya ce su rubuto. Ku karanta su, haƙƙinsu ne. Amma ku tura ma'aikatanku su nemo waɗanda suka fita, ku tambaye su a keɓe ba tare da sunansu ya fito ba, ku ce su zo da rasit. Littafin ƙanwata yana nan a wurina, shafi uku da layi shida, ta ce in kun nema in ba ku, da sharaɗin a yage bangon da sunanta yake.

Na gode da lokacinku. Allah Ya yi muku jagora.

Naku,
Yayan wata tsohuwar mai rajista